Baba Halo Mai Amsa Waya

A kamfanin katifu da ke bakin babban titi ba wanda ya damu da sunansa na yanka. Baba Halo kowa ke kiransa, har matarsa in tana jin tsokana. Ƙyanda ce ta tafi da idanunsa tun yana yaro, sai wani kawunsa ya kai shi makarantar makafi, inda ya koyi aikin haɗa waya. Da wannan sana'a ya shigo kamfanin yana saurayi, aka ba shi ɗan ɗaki a ƙarƙashin bene da allon wayoyi mai ramuka da igiyoyi. Duk mai neman manaja ko mai sito sai ya bi ta kunnensa. Da aikin nan ya yi aure, ya aurar da 'ya'ya mata biyu, furfura ta same shi a ɗakin.

Wata safiya ya tarar ana kwance allon. An kawo na'urar da ke amsa kira da kanta, tana cewa a danna ɗaya, a danna biyu. Ba a kore shi ba. Aka ce in kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya, aka tura shi kwas ya koyi kwamfuta mai magana, irin wadda ke karanta wa makaho rubutu. Ya sha wuya. Yatsunsa suka yi ta tuntuɓe a kan madannai, muryar na'urar kuma tana zuba kamar kanya. Kullum da ciwon kai yake komawa gida, matarsa ta jiƙa tsumma ta ɗora masa a goshi. Amma ya iya. Aka ba shi teburin ƙorafi. Mai saye ya bugo yana faɗa katifarsa ta lotsa, Baba Halo ya lallashe shi, ya shigar da bayanin, ya tura wa sito.

Bai gama sakin jiki ba hedkwata ta sauya manhajar da ake aikin da ita. Sabuwar ta ƙi jituwa da kwamfutarsa. Duk inda ya taɓa sai muryar ta ce maɓalli, ba ta faɗin na mene ne. Aka mayar da kiran zuwa wani ofis, shi kuma aka ce ya ɗan jira.

Jiran ya yi tsawo. Ya zo da safe, ya jingine sandarsa, ya zauna yana sauraron ƙugin fanka har a tashi. In manyan baƙi sun zo ne ake tunawa da shi. A kama hannunsa a kai shi ɗakin taro, a ce kamfanin nan na kowa ne, ya ji ƙarar kyamara, a maido shi kujerarsa.

"Malam, ka ajiye aikin nan mana ka huta," in ji matarsa wata rana, ganin ya kasa cin abinci.

"Wane aikin? Ai rashinsa ne ya gajiyar da ni."

Ya je wurin shugabar ma'aikata, wata mata mai sanyin murya wadda ita ma kullum a gajiye take.

"Ranki ya daɗe, ni fa na gaji da zaman hoto."

"Baba, na rubuta wa hedkwata har hannuna ya gaji. Cewa suke gyaran yana hanya."

"Hanyar da nisa ke nan."

Ta yi ajiyar zuciya.

Ana nan sai aka kawo masa abokin zama. Sunansa Dogo, direban babbar motar kamfanin ne, haɗari ya lalata masa ƙafar dama, ba ya iya taka birki. Shi ma ba a san inda za a kai shi ba, sai aka ajiye masa kujera kusa da Baba Halo.

"An haɗa makaho da gurgu," in ji Dogo. "Saura wa?"

Baba Halo ya yi dariya a karon farko cikin watanni. Da hira ta yi hira ya tambaye shi ko yana iya karatu.

"Ina iyawa, amma a hankali, kamar mota a gargada."

"To ka zama idona. Ni in amsa waya, kai ka danna inda na ce."

Shugabar ma'aikata ta yarda, don ba ta da wata dabarar. Aka maido musu layi.

Abin bai zo da daɗi ba. Dogo mutum ne mai saurin fushi, rubutunsa kuma sai an yi haƙuri. Baba Halo, wanda ya saba yin aikinsa shi kaɗai, yana jin ciwon dogaro da wani. Sukan yi cacar baki a kan lambar rasit, su wuni ba sa gaisawa, sai dai a danna nan, a danna can. Aikin mutum ɗaya ne maza biyu ke ja, kowa ya sani. Gyaran hedkwata kuwa bai iso ba.

Da ritayarsa ta matso, Baba Halo ya fara koya wa Dogo abin da ya fi kwamfutar wuya, wato haɗiye magana.

"In mai saye ya zage ka, ka bar shi ya gama. Ba da kai yake ba, bayansa ke ciwo."

"Ni ma ƙafata ciwo take."

"To ka ga kun yi daidai."

Wata la'asar waya ta yi ƙara, Baba Halo bai miƙa hannu ba. Ya tura wa Dogo kan wayar, ya jingina kansa da bango. Yana jin wata mata tana zazzaga masifa daga can, yana jin Dogo yana huci kamar zai fashe. Can dai ya ji ya ce, "Yi haƙuri, baiwar Allah. Faɗa mini lambar a hankali."

Baba Halo ya zare takalmansa a ƙarƙashin tebur, ya miƙe ƙafafunsa da suka kumbura, ya bar shi da ita.