Wanda Na Sauke da Wanda Na Maka

Kawuna ne ya koya mini kokowa, kuma shi ya jawo aka kayar da ni a gaban mutanen Ƙonni. Bai taɓa amsa wannan laifi ba, ni ma na daɗe ban daina ɗora masa shi ba.

A hannunsa na tashi, don mahaifina ya rasu ina goye. Ƙauyenmu yana tsakanin Ƙonni da Illela. A zamaninsa, in ji mutane, ba wanda ya taɓa kai bayansa ƙasa a karkararmu. Ko da na kawo ƙarfi gwiwarsa ta riga ta lalace, sai ya tattara burinsa duka ya aza mini. Da an gama girbin gero, kullum bayan la'asar muna bayan rumbuna, yana nuna mini kamun ƙugu da taɗiya, yana dungure mini kai in na yi garaje. Ni kuwa ba abin da nake so a duniya kamar in ji ya ce wa baƙo, "Wanga ɗana na, ni nik koya mishi."

A garinmu akwai wata ƙa'ida. In ka yi karo da wanda ya girme ka, ka samu sa'a ka cira shi har ƙafafunsa suka bar ƙasa, to kaye ya tabbata. Ba ka maka shi da ƙasa. Sai ka sauke shi a hankali ya tsaya da ƙafafunsa, ka sake shi, makaɗa su juya kiɗa, kowa ya san wanda ya ci. Kawu ya fi riƙe wannan da duk sauran dabaru. Ya sa na yi ta maimaitawa har hannuna ya saba yin laushi da kansa.

Ina da shekara ashirin aka yi shela a rediyo cewa za a yi gasa a Ƙonni, a zaɓi waɗanda za su tafi babbar gasa a Tawa. Kawu ya sa babbar rigarsa, muka shiga motar kasuwa. Ban taɓa ganin fage irin wannan ba. An zuba rairayi an kewaye shi da buhuna, ga rumfar manya, ga jandarmomi, ga wani mutum da gajeren wando da usur a baki, wai shi ne alƙalin wasa. Aka karanta dokoki da Faransanci, wani ya maimaita da Hausa cikin lasifika mai shaƙewa. Na ce wa kawu ban ji komai ba.

Ya ce, "Ka san kokowa. Mi za su hwaɗa maka?"

Ƙuri'a ta haɗa ni da wani mai lodin siminti daga Malbaza, gajere mai kaurin wuya, wanda ya ba ni shekara goma ko fiye. Muka daɗe muna zagaye muna taɓa hannu. Ya kawo mini hari a ƙafa, na kauce, na shige ƙarƙashinsa na kama ƙugu. Sai ga shi a sama. Na ji nauyinsa duka a ƙirjina, na ji fagen ya ɗauki ihu. Na sauke shi a hankali, na sake shi, na juya ina neman fuskar kawu.

Ban gan ta ba. Hannu biyu suka kama ni ta baya, na ji bayana ya bugi rairayi, sannan na ji usur.

Dariyar da aka yi ta fi faɗuwar ciwo. Wani daga cikin 'yan kallo ya tambaya da ƙarfi ko surukina ne na sauke. Kawu ya taso yana ɗingishi yana cewa an gama tun ɗazu, wani jandarma ya tare shi da sanda ya mai da shi wurin zamansa kamar yaro. A idon mutanen nan shi ba kowa ba ne, tsoho ne mai surutu.

A tasha, muna jiran mota ta cika, sai ga mutumin Malbaza yana shan fura. Ya matso kusa da ni ba tare da wata kunya ba.

"Samari, kana da ƙarhi," in ji shi. "Amma nan ba a sakin mutum sai an ji usur. Ko ubanka na."

Kawu ya kau da kai. Sai da motar ta bar kwalta ya yi magana. "Kai kac ci. Duk wanda yas san kokowa ya gani."

Na ce, "Shi za a kai Tawa, kawu, ba ni ba."

Da a ce a ranar ya ce mini ya yi kuskure, ko ya ce bai san dokar birni ba, da na huce. Bai ce ba. Sati guda yana zagaya majalisa yana ba da labarin yadda na cira ƙato sama, ni kuwa yaran gari suna ganina sai su rungumi juna su sauke a hankali suna ƙyalƙyala dariya.

Shekara guda na yi ina gyara kaina, kuma ban nemi shawararsa ba. Na zauna na tuna karon nan daki-daki. Ƙarfi ba shi na rasa ba, numfashi ma ya ishe ni, hannuna ne yake cin amanata. Sai na cika buhu da rairayi na ɓoye a fadama. Kullum da sassafe in cira shi sama in maka da ƙasa, in bi shi in danne, in ƙirga uku kafin in saki. Da farko hannun ba ya yarda, sai in ga na ajiye buhun kamar mai ajiye tulu. Ya fi wata biyu kafin ya daina. Ranar kasuwa kuma in tafi Ƙonni in tsaya inda 'yan kokowar gari suke motsa jiki, in tambayi abin da ban sani ba, in bar su su kayar da ni don in ga ta ina suke shiga. Wata rana kawu ya biyo ta fadama ya tarar da ni. Ya tsaya ya ga na maka buhun sau uku, ya wuce gonarsa.

Duk da haka da gasar ta zagayo ya sa rigarsa ya biyo ni. Na kayar da mutum biyu sa'annina. Karo na uku aka haɗa ni da wani daga wajen Illela, mai furfura a gemu, wanda ya kamata a ce ya bar fage tuntuni. Kafin a busa ya tambaye ni ɗan wane gari ne, kuma ɗan gidan wa. Da na faɗa sai fuskarsa ta saki, ya ce tun yana yaro ya sha kallon kokowar kawuna, in gaishe shi.

Bai ba ni wuya ba. Na kama ƙugu na cira shi. Yana sama sai na ji ya saki jikinsa gaba ɗaya, ya ɗan bubbuga kafaɗata sau biyu. Na san abin da yake nufi. Ya amsa kaye, yana jira a sauke shi, don ya san gidan da na fito. Ba zan ce hannuna ne ya yi da kansa ba. Na sami lokacin tunani, na tuna dariyar bara, na maka shi.

Ƙarar da kafaɗarsa ta yi na ji ta kafin usur. Aka ɗaga hannuna, aka rubuta sunana cikin masu tafiya Tawa. Da na duba wurin da kawu yake zaune ba ya nan. Yana can gefen fage ya durƙusa a kan gwiwar nan tasa marar lafiya, yana riƙe da kan mutumin.

Na je Tawa, aka fitar da ni a rana ta biyu, ba wanda ya yi dariya. Mutumin Illela, na ji labari, hannun bai ƙara ɗaga hauya sama da ƙirji ba. Kawu bai yi mini faɗa ba, kuma ya ci gaba da cin tuwo da ni a kwano ɗaya har ya rasu. Sai dai wata rana wani baƙo ya zo majalisa, ya gane ni, ya yi ta yabon kokowata, sannan ya juya ya tambayi kawu ko shi ya koya mini. Ina zaune a gefensa, kafaɗata tana taɓa tasa.

Ya ce, "A'a. Ƙonni yak koyo."