Marlys da Kifin Ƙirjina

Ƙarfe bakwai na safe a Duluth, gari bai gama wayewa ba, iskar tafki tana yanka kunne, dusar ƙanƙara ta binne motoci. A irin wannan lokacin Marlys Heikkinen takan shiga sashen gashin cutar daji na asibiti, ta sa barguna su yi ɗumi, sannan ta riƙe kofin shayi da hannu biyu. Ba ta cika shansa ba, hannunta take ɗumamawa. Ta ce in hannu mai sanyi ya taɓa mutum sai ya ɗage kafaɗa, in ya ɗage kuwa, hasken gashin ya sauka inda ba a aike shi ba.

Aikinta ke nan tun ba a haife ni ba: ta kwantar da mara lafiya yau daidai yadda ya kwanta jiya. Jiya ta yi ritaya.

Ni lodin jiragen ruwa nake yi, ban yi nisa a makaranta ba. Bara aka gano ƙari a ƙirjina, dab da zuciya. Aka ce kullum za a haska shi, amma a kauce wa zuciyar. Don gane saiti akan ɗiga wa mutum tawada a fata. To ni akwai zanen ƙaton kifi a ƙirjina, jikinsa duk ɗige-ɗige.

Marlys ta tsaya tana kallonsa. "Ɗan nan, duk kifayen tafkin nan sai wannan ka zaɓa?"

Na ce, "Inna, da na san zan faɗo hannunki ai da tarwaɗa na zana."

Ta yi dariya, ta zagaye nata ɗigon da jan alƙalami. Tun ranar sunana Mai Kifi. Tsoho Orrin, abokin zaman jirana, ya ce, "Kai ka ji daɗi. Ni matata ta yi shekaru tana fama in zauna wuri ɗaya, wannan matar mako guda ta gama da ni." Ya ce Marlys ce ta lura ciwon gwiwa ke sa shi motsi, ta nemo masa matashi.

Wata safiya na kwanta, na'ura ta ɗauki hoto kamar kullum, sai na ji shiru. Ƙofa ta buɗe, Marlys ta shigo.

"Mai Kifi, me ka yi jiya?"

"Ba komai."

"Kafaɗarka ta ce akwai komai."

Ƙanƙara na kwashe wa kakata a ƙofar gida, kafaɗar ta sage, na kwanta a karkace ban sani ba. Na ce ta ɗan matsar da gadon mana, ga mutane na jira.

Ta ce, "Gado yana gyara wanda ya gusa, ba ya gyara wanda ya karkace. Zuciyarka na bayan wutsiyar kifin nan, yau ta shigo hanyar haske. Sauko."

Ta lulluɓe ni da bargo mai ɗumi har kafaɗar ta saki, ta sake kwantar da ni, ta sake hoto, sannan ta kunna hasken. Ta hana ni taɓa shebur sai an gama gashin, har ta buga wa kakata waya ta kai ƙarata.

Ke ce mai hannun ɗumi, Marlys. Ke ce ba ki taɓa cewa "haka ma ya yi" ba. Likita ya ce ƙarin ya tafi, zuciyar kuma lafiya lau. Na gode, Inna. Ku da kuka gaje ta, ku ɗumama hannu, kuma in hoto bai kwanta muku ba, ku shigo ɗakin ku duba.

Jiya da yamma, abokan aikinta suna ciki suna yanka mata kek ɗin bankwana, na sami motarta ƙanƙara ta rufe ta har taya. Na ɗauko shebur na share, na kankare gilashin, na koma cikin tawa na zauna. Ta fito rungume da furanni, ta duba hagu, ta duba dama, ba kowa. Ta miƙa hannu ta daidaita madubin gefe da na ɗan gusar, ta ja motarta ta tafi.