Nauyin Damin Babana

Shekarun baya, ina aji uku a jami'a ina karanta aikin gona, malamai suka tafi yajin aikin nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Muka kwaso jakunkuna daga Sakkwato muna cewa sati biyu ne. Na iso ƙauyenmu, nan kusa da Turba, ana shuka. Aka yi noman fari, aka yi maimai, gero ya fid da kai, ni dai ina nan zaune kamar an dasa ni.

Wani abokina ɗan Sabon Birni, ajinmu ɗaya, shi ya turo mini wani kwas na intanet, irin wanda manyan jami'o'in waje ke buɗe wa duniya kyauta, kowa ya shiga daga inda yake. Kwas ne kan yadda ake auna amfanin gona. Na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Duk mako sai in hau bayan babur zuwa Isa, in laluɓi inda sabis ke da ƙarfi, in sauke darussa a waya, in juyo kafin la'asar, don hanyarmu ba ta son yamma. Sauran kwanakin ina inuwar bedin ƙofar gida, igiyar sauraro a kunne, littafi a cinya.

Mahaifina ya yi haƙuri da ni wata uku. Ran nan ya dawo daga gona ya tsaya a kaina.

"Wanga karatu da babu malami, babu allo, wa ka shaida shi?"

Na ce, "Baba, takarda suke bayarwa in an gama."

Ya ce, "To madalla. Kawunka na loda wake zuwa Kurmi in an ƙare girbi, kuma yana biɗar mai bin mota. In ranar ta zo ban ga takarda ba, kana bin shi. Boko ya ishe ka haka nan."

Wanda ya san Babana ya san ba ya magana biyu. Idan na hau motar nan, ko an buɗe jami'a ba za ni koma ba. Duk da haka na murje ido na ce na yarda.

Aikin ƙarshe na kwas ɗin mai sauƙi ne a ganina: ka zaɓi gona guda, ka auna faɗinta, ka faɗi abin da ta bayar. 'Yan'uwanka ɗalibai ne ke duba maka su ba da maki, kuma sau uku kawai ake gwadawa. Ni da aka haifa a gindin rumbu? Na zaga gonar Baba da waya na sami faɗinta, na ƙirga abin da aka ɗaure, dami arba'in da biyu. Na buɗe ƙamus na nemo yadda ake ce wa dami da Turanci, na rubuta, na tura, har ina fito a kan babur.

Aka kayar da ni.

Na ce lallai ba su gane ba ne. Na ɗauki hoton dami, zangarniya reras, ɗaurin Baba tsaf, na manna, na ƙara da wani dogon bayani mai ɗan ƙamshin gatse. Aka sake kayar da ni. Wata mata daga wata ƙasa da ban ma san inda take a taswira ba ta rubuta a ƙasa: "Hoton ya yi kyau. Amma damin gonarku da na maƙwabcinku nauyinsu ɗaya ne?"

Wayyo, ranar na yi faɗa da iska! Na kira abokina ina kumfar baki. "Mutanen da ba su taɓa ganin gero ba sai a abincin tsuntsu, su za su koya mini dami?"

Ya bari na gama, sannan ya ce, "To kai da ka tashi cikinai, dami guda kilo nawa ne?"

Shekara uku a jami'a, kuma wallahi ban sani ba. Ga dama ɗaya ta rage, ga motar Kawu ran Alhamis, ranar kuwa Asabar ce.

Na sami Baba yana gyaran jinkar rumbu na tambaye shi. Ko juyowa bai yi ba. "Dami dami ne. Ni ɗauri nika yi, ba awo ba."

Sai na ji dariya daga madafi. Mahaifiyata ce, tana tankaɗe.

"Kai dai ka je ma mai ɗauri da tambayar mai sussuka. Damin ubanka tiya bakwai ne, in gonar tudu ce. Na jigawa shida. Na ƙanena kawunka, biyar da ƙyar, ɗaurin gaggawa garai. Shekara talatin ina buɗe su, mi za a gaya man?"

Na yi tsalle zan rubuta. Ta ce, "Tsaya. Mutanen nan naka sun ƙi hoto, bakina za su yarda da shi? Sussuka ka gani da idonka."

"To Inna, yaushe za ki..."

"Wa? Ni? Karatuna ne?"

Ku da kuka san ƙasarmu kun san namiji ba ya sussuka. Ya yi noma, ya yi girbi, ya ɗaure, ya jefa rumbu, daga nan hannunsa ya fita. Amma na tuna motar wake, na ce ko duniya za ta taru sai na yi. Na zaɓi dami uku kamar yadda darasi ya koyar, babba da matsakaici da ƙarami. Ran Lahadi da hantsi na tuɓe riga, na cika turmi da zangarniya, na ɗaga taɓarya.

Kafin in yi bugu ashirin labari ya zaga unguwa. Matan maƙwabta suka jeru a kan danga.

"Lale, ɗan jami'a! Ashe digirin turmi anka tura ka yi!"

"Inna, in ya iya tuwo ki faɗa muna, mu kawo kayan gaisuwa!"

Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Tafin hannuna ya yi ruwa ya fashe. Da aka zo shiƙa na tsaya ta inda iska ke nufa, ƙaiƙayi ya dawo mini a fuska da wuya, na yi ta susa ina atishawa, har Inna ta zauna a ƙasa don dariya. Ban ajiye ba. A cikin haka Baba ya shigo, ya tsaya ya dube ni, ya dubi matan, ya wuce ɗakinsa. Kallon nan ya fi dariyar ciwo.

Wuni biyu na yi. Inna ta leƙa buhun ta ce, "Tiya ashirin, da 'yar ɗoriya." Ran Talata na kai shi Isa, wani mai sayen hatsi ya auna mini da tiya: ashirin, da abin da bai cika tafi biyu ba. Ya ɗora a sikeli na rubuta kilo, na lissafa na gonar duka, na bayyana yadda na yi. A wajen da ake faɗin wanda ya taimaka na rubuta: mahaifiyata, mai sussuka. Na tura.

Laraba ta wuce, ba sakamako. Masu dubawa ba su san da wata motar wake ba.

Ran Alhamis da safe na haɗa kayana. Alkawari kaya ne. Na sami Baba a zaure na durƙusa, jaka a gefe.

"Ina za ka da jikka?"

"Wajen Kawu, Baba. Takardar ba ta fito ba."

"Kawunka ya tahi tun da sassahe. Na ce mai ya biɗi wani."

Na ɗago kai.

Ya ce, "Na ga takarda. Ran Lahadi na gane ta, tsakar gida. Namijin da mata sunka yi ma dariya wuni biyu bai aje taɓarya ba, ba wasa yakai da waya ba. Tashi ka ba ni wuri."

Na fito bayan zaure na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Sakamako ya zo bayan kwana biyu, na ci. Da aka buɗe jami'a na koma na gama, kuma na yi kwasa-kwasai da yawa bayan wannan. Amma a na farkon nan na gane cewa abin da na tashi a cikinsa ma ban san shi ba, sabawa kawai na yi da ganinsa. Sai da baƙuwa daga wata uwa duniya ta yi tambaya, sannan na lura mai amsar tana madafinmu shekara talatin, ban taɓa tambayarta ba. Wannan har yau yana sa ni jin nauyi.

Takardar tana cikin wata jaka, ban ma tuna wacce ba. Amma duk kakar da na je gida aka sauko da dami, Inna takan miƙo mini taɓarya ta ce, "Malam, zo ka auna muna."

Kuma karɓa nake yi.