Maganin da Aka Aika Venezuela daga Kafanchan

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da abin da ya sami wata Sista 'yar ƙasar Venezuela ba, wadda muka yi aiki tare a wani ƙaramin asibitin mishan a Kafanchan. Ni nas ce a lokacin, kuma a tunanina duk farar fata daga ƙasar daɗi ya fito.

Wata rana na same ta tana ɗaure ƙwayoyin hawan jini a leda. Na ce, "Sista, wane ƙauye za a kai?"

"Gida," in ji ta da Hausarta ta kasuwa. "Mamana ba shi da magani."

Na yi dariya, na ɗauka wasa take. Daga Kafanchan a aika magani ƙasar waje? Sai ta zaunar da ni. Ta ce ƙasarsu ta fi tamu man fetur, har gwamnati da jama'a suka jingina da shi kaɗai. Da farashin ya faɗi, 'yan siyasa suka shiga rigimar mulki, kuɗin ƙasar ya zama takarda, shaguna suka bushe. Miliyoyin mutane suka fice. Wanta injiniya da ƙafa ya tsallaka Kolombiya, ƙanwarta tana aikatau a Peru. Tsohuwarsu kaɗai aka bari a gida.

Wani Fada, limamin coci, mai tafiya Venezuela ya karɓi ƙunshin. Kafin ya isa, tsohuwar ta rasu. Cikin 'ya'yanta babu wanda ya samu zuwa, maƙwabta ne suka binne ta.

Sista ta so ta rufe ƙofa ta yi kukanta ita kaɗai. Matan zumunta na coci suka ƙi. Suka zo da kunu da tuwon acca, suka shimfiɗa tabarmi, aka yi ta waƙoƙi da addu'a. Wata dattijuwa ta kama hannunta ta ce, "'Yata, a nan ba a makoki mutum ɗaya. Faɗa mana sunan mamanki mu kira shi gaban Ubangiji." Ta faɗa, muka maimaita, ko da yake bakinmu bai iya shi daidai ba.

Tun daga nan na daina auna ƙasa da abin da ke kwance a ƙarƙashinta. Na gane cewa arzikin ƙasa shi ne 'ya'ya su iya samun abinci kusa da iyayensu, har su rufe musu ido da hannunsu.