Farfaɗiyar Kawuna

Jiya jikata mai karatun likita take ba ni labarin ɓerayen da ake bincike da su. Ta ce in jijiyar jini ta toshe a ƙwaƙwalwarsu, wutar da ke gudana ciki sai ta rikice, daga baya su kama farfaɗiya. Nan take kawuna ya faɗo mini a rai.

Zamanin mulkin Nasara, a Tsibiri, yana da wata tsohuwar akuya da ɓarin jikinta ya shanye. Bayan damina ta fara faɗuwa tana shure-shure, kumfa na fita a bakinta. Maƙwabta suka ce iska ce, a yanka ta. Shi kuwa yakan zauna a turɓaya, ya ɗora kanta a cinyarsa har ta lafa. Yakan ce, "Ciwon nan a ka yake, kan za a tallafa."

Bayan shekara biyu shi ma ɓarinsa ya shanye, na ɗauko shi zuwa gidana a Maradi. Wata rana da hantsi ina ba shi fura sai ya ƙage, ƙwarya ta kife. Na tuna ana cewa yawun mai farfaɗiya na sa cutar, na ja da baya har bakin ƙofa, na tsaya. Daga nan ina jin ƙeyarsa tana bugun daɓe.

Da ya farfaɗo, jini a wuyan rigarsa, ya dube ni ya ce, "Ɗana, na ba ka tsoro ko?"

Allah ya sanyaya makwancinsa, ya yafe mini wannan tsayuwa.