Waƙar da Na Kunna wa Hajiya a Mota

Ko zan manta komai na zamana a Jidda, ban da ranar da na so bayyana soyayyata da waƙa.

Lokacin ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ina haya a unguwar Nuzla, gidan wata Hajiya. Jikarta, haifaffiyar Jidda, ta tafi da hankalina. Shekara guda na kasa furtawa. Ni kuwa littattafan soyayya na kasuwa suka rene ni, na yi imani kalma mai daɗi kan narkar da dutse.

Wani abokin aikina ɗan Filifin ya ga ina ramewa, ya rubuto min baitocin wata waƙar Turanci, irin kiɗan da suke kira metal. Mawaƙin yana tsaye ƙofar wadda ba ta san yana yi ba, zuciyarsa na zama toka. Har hawaye na yi. Na sa ya tura min waƙar a waya, na ƙi saurara, don a littafi masoya tare suke fara jin abu.

Ran nan Hajiya ta ce in kai ta da jikar unguwar Bagdadiyya a motata. Muna tsaye a danja na haɗa wayar da rediyon motar, na ƙure muryarsa, na ce, "Wannan saƙon zuciyata ne." Na danna.

Jama'a! Kamar an kifar da shagon maƙera. Sai wani ƙato ya kwarma ihu kamar ana yanka shi. Hajiya ta damƙi wuyan rigata tana Ayatul Kursiyyu.

"Ɗan nan, aljanin a motar yake ko a jikinka?"

"Hajiya, soyayya yake faɗi."

"Soyayyar gidanku! Halas, kashe!"

Jikar ta yi dariya har da shessheƙa. Da Hausarta mai tsalle-tsalle ta ce, "Wallah Yaya, na sani wannan! Khaɗibina kullum yana sa shi." Wato wanda zai aure ta. Bayan Salla.

Da na sauke su na sake kunnawa, ni kaɗai. A nan na gane mutumin nan ba hauka yake ba. Na rufe gilashi na taya shi har gida.

Tun ranar nake ɗanɗana miya kafin in miƙa wa baƙo, kuma kafin in nemo waƙa nakan tambaya ko an riga ni.