Shekara Shida Ina Ɓoye Wa Ƙanena Ciwon Ɗakinmu

A lokacin ina da shekara talatin da ɗoriya, ina ɗinkin manyan riguna a zauren gidanmu da ke Ƙofar Kuyambana, ni da ƙanena da muke ciki ɗaya. Ni mutum ne mai shegen gudun abin magana, kuma wannan halin ne ya kai ni ya baro.

Wata rana na je asibiti zan ba matar maƙwabcinmu jini, sai aka ce ba za a ɗiba ba, ina ɗauke da ƙwayar ciwon hanta. Na ce wa likita ni ko zazzaɓi ba na yi. Ya ce ai nan haɗarin yake. Sojojin jikin mutum ne ke ta kiran juna suna far wa hantar don su kashe ƙwayar, kullum su bar mata rauni, raunin ya zama tabo, har ta ƙandare mai ita bai sani ba. Ya ce wataƙila tun wurin haihuwa muka ɗauka, don haka in kawo duk 'yan ɗakinmu a gwada su, akwai maganin da ke kwantar da abin.

Ban kawo kowa ba. A unguwarmu da an ji ciwon nan sai a ce na manema mata ne, a daina haɗa kwano da kai. Na tuna yadda muke zagaye tuwo mu takwas a zaure, mu da abokan zamanmu, sai na naɗe takardar gwajin na cusa cikin gafaka. Ni kuwa na ci gaba da zuwa asibiti a ɓoye ina karɓar magani. Kun ji son kai!

Bayan shekara shida cikin ƙanena ya fara kumbura, idanunsa suka yi rawaya. 'Yan gida suka ce shawara ce, aka yi ta ɗura masa jiƙo. Da na kai shi asibiti, likita ya ce ciwon hantar nan ne, kuma an makara. A kan gadon ya riƙe hannuna yana ce mini Yaya, yana roƙona don Allah in je a gwada ni, domin ni zai bar wa 'ya'yansa. Wallahi na kasa ɗaga ido. Har ya cika bai sani ba.

Jama'a, rashin jin ciwo ba lafiya ba ne, kuma cin abinci tare ba ya yaɗa ciwon nan. Duk wanda likita ya ce ya kawo 'yan uwansa, ya kawo su a ranar. Bayan sadakar bakwai na faɗa wa mutanen zaure gaskiya, ba wanda ya janye hannunsa daga kwano. Har yau muna cin tuwonmu tare, sai dai mu bakwai ne.